Soson da Inna Ta Dafa

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara zagaya gari, maƙwabtanmu na Tudun Wada wasu sun sayi babur, wasu sun cire jinka sun buga kwano. Mu abin da ya shigo gidanmu shi ne rikoda, wato rediyo mai cin kaset. Yayana ne ya aiko da ita daga ƙasar Turawa, inda gwamnati ta tura shi karatun haɗa magunguna. Ya san Inna, mahaifiyarmu, ba ta karanta boko, ya kuma san ba ta yarda da karatuna ba. Ina koyarwa a makarantar firamare a lokacin, amma duk wasiƙar da na karanta mata sai ta harare ni ta ce na cinye rabi. Kaset kuwa ba mai cinye mata komai. Muryarsa ce da kanta, har da ɗan gyaran muryar da yakan yi kafin ya fara magana.

Mu uku ne a gidan, duk mata. Babanmu ya zo Gombe daga Kano saboda cinikin auduga, a nan ya zauna, a nan aka binne shi tun ina ƙarama. Sai Inna, sai ni da na dawo gida bayan aurena na fari ya ƙi zama, sai matar Yaya, wadda ya bari a hannun Inna har ya gama karatu. Bafulatana ce 'yar asalin garin, danginta suna Hammadu Kafi. Ina kiranta Adda, kamar yadda Fulani ke kiran babbar 'yar'uwa, ita kuma idan za ta ambaci mijinta sai ta ce min "Hammanki", wato yayanki, don sunansa ba zai taɓa fita daga bakinta ba.

Ban taɓa zama da mai fulako irin Adda ba. Fulako ita ce wannan kunya da dauriya ta Fulani da ke hana mutum ya ce yana jin yunwa ko yana jin ciwo. Akwai ranar da man gyaɗa mai zafi ya zubo mata a hannu tana suya, ba wanda ya sani sai da wurin ya tashi ya fashe. Ni kuwa Allah Ya yi ni da baki, ko ƙaya ce ta soke ni sai unguwa ta ji. Nakan ce mata, "Adda, ke ranar da wuta ta kama zaninki sai kin yi sallama kin nemi izini kafin ki ce wayyo." Sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ina sonta ƙwarai, kuma sanyin halinta yana ba ni haushi ƙwarai.

Idan kaset ya zo, bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya mu kunna. Inna takan juya wa rikodar baya, tana tsince shinkafa ko tana kaɗi, kamar ba ruwanta. Yaya ɗan farinta ne, ita kuma irin iyayen da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye ko yana gabanta. "Wancan" take ce masa, kuma duk saƙon da ke tsakaninsu ta bakina yake bi. Amma ko kaza ce ta yi kuka a lokacin da yake magana sai ta jefe ta da takalmi.

A wani kaset ne ya amsa tambayar da ta sa na yi masa, wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa. Na saurari wurin nan har na haddace shi.

"Inna, ba za ki yarda ba," in ji shi, yana dariya. "Da soso nake aiki. Wallahi soso. Masu jirgin ruwa ne suke kawo mana shi daga teku, mu yayyanka, mu jiƙa, mu matse, mu tace. Sai mu riƙa ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin cuta, mu ga wanda zai kashe su. Wani ba ya yin komai, wani kuwa ya share su tas. Waɗanda suka riga mu ma a cikin soso suka gano abin da ya kai su ga maganin ciwon daji na jini, ciwon da a da idan ya kama mutum ba ya tashi. Irin wannan sa'ar muke nema mu ma."

Inna ta ajiye faifan shinkafa ta tafa hannu. "Ku ji min! An ɗauki mutum a jirgin sama an kai shi bangon duniya don ya matse soso. Ai da sun yi magana na cika musu buhu." Ta nuna katangarmu ta baya, inda soso ke yaɗo kowace damina ba wanda ya shuka shi. Adda ta tambaya a hankali me ya sa sai an kawo musu a jirgi. Inna ta ce sanyi ne, ƙasarsu ba ta fid da shi, kuma ai mu ma shinkafa da madara da siminti duk a jirgin ruwa ake kawo mana su yanzu. Na ga maganar ta hau daidai. A littafinmu na makaranta akwai hoton ɗan Bature a bahon wanka riƙe da wani abu ruwan ɗorawa, kuma malaminmu ya ce sunansa soso. Babban ruwan da wata a cikinmu ta taɓa gani shi ne kogin Dadin Kowa. Muka sha dariya ranar, har Adda ta ƙware.

Daminar da ta biyo baya ce Adda ta fara fari. Da ma fara ce, shi ya sa muka daɗe ba mu lura ba. Ni ce na fara ganin tabon baƙi a damtsenta ranar da nake mata kitso, kamar an make ta da muciya. Ta ce bugewa ta yi. Sai asuwaki ya riƙa fitowa da jini, sai zazzaɓi mai tafiya ya dawo, sai ya zama idan ta ɗauko tulu daga zaure sai ta tsaya a hanya ta dafa bango. Ko a lokacin idan ka tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi. Da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu ne muka kai ta asibiti, su kuma suka tura mu wani babban asibiti a wani gari mai nisa.

A can aka ɗebi jininta aka yi ta aune-aune. Likitan ya ga ina jin Turanci, ya kira ni gefe. Ya ce ciwon daji ne, amma ba ƙari ba ne da za a yanke a huta, a cikin jini yake. Ya ce akwai allurar da ake yi wa masu irinsa a ƙasashen waje, su ba su da ita a hannu, kuma bai san ranar da za ta zo ba. Suka ƙara mata jini, suka ba mu ƙwayoyi, suka ce mu riƙa dawo da ita idan ta galabaita. A jirgin ƙasa muka dawo, Adda kwance a cinyata, Inna tana kallon taga. Na fassara mata abin da likita ya ce kalma bayan kalma, don kada a ce na cinye rabi. Haka muka sauka a tashar Gombe.

Muna shiga gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, "Ɗauko min kaset ɗin nan na soso." Na ɗauko, na sa biro na juya shi baya, na kunna. Wannan karon ba ta juya wa rikodar baya ba. Da muryar Yaya ta zo wurin da yake cewa ciwon daji na jini, sai na ga ashe ya faɗi sunan ciwon matarsa yana dariya tun ciwon bai zo ba. Ni da farko tsoro ne ya kama ni. Inna kuwa fuskarta haske ta yi.

"Kin gani?" ta ce. "Tun cutar ba ta shigo gidan nan ba aka aiko mana da maganinta, muka zauna muna dariya. A jiƙa, a matse, a tace. Maimaita min wurin."

Kada wani ya ce tsohuwa ce da rashin sani. Abin da Yaya ya lissafa shi ne yadda kowace mace a garin nan take haɗa jiƙo, ba ragi ba ƙari. Ni da takardar malanta a akwati na ga hanya ce Allah Ya buɗe, kuma a ranar na fi Inna murna. Kalma ɗaya ce muke da ita, soso, kuma ba mu da dalilin zaton tana da ciki biyu.

Da na kasuwa aka fara. Inna ta aike ni Kasuwar Gombe wurin masu sabulun salo, na sayo sababbin sosan wanka farare, aka yayyanka aka jiƙa a sabuwar tukunya. Ruwan ya fito kamar ba a sa komai ba, ba launi ba ɗanɗano. Adda ta sha kwana da kwanaki. Inna ta ɗanɗana, ta taɓe baki, ta ce wannan an riga an wanke ƙarfinsa, maganin da ba ya ɗaci ai ruwa ne. Sai ta koma katanga. Lokacin yaɗon ya rufe ta ruf, ga fure ruwan ɗorawa, ga ɗanyun 'ya'ya suna reto. Ta riƙa tsinko ɗanyen da ganyensa, ta kirɓa a turmi, ta jiƙa, ta matse a tsumma mai tsabta. Wannan kam ya yi ɗaci. Na taɓa lasa da yatsa, har na yi sallar azahar bakina bai dawo daidai ba.

Kullum da safe Inna takan kai ƙoƙon da kanta. Adda takan tashi zaune, ta durƙusar da kai, ta karɓa da hannu biyu, ta juya gefe don ba ta shan ko ruwa a gaban surukarta, ta shanye. Ba ta yamutsa fuska. Takan ce, "Allah Ya saka da alheri, Inna." Inna kuma ta ce, "Allah Ya ba ki lafiya, 'yar nan." Tsakanin mutanen nan biyu ba a taɓa yin wata doguwar magana da ta wuce haka ba, amma Inna ta fi ji da ita a kaina, kuma ba ta ɓoye min.

Ƙarin jini da ƙwayoyin asibiti suka sa Adda ta ɗan farfaɗo, har ta fito tsakar gida tana tankaɗe. Inna ta ce soso ne. Na ce soso ne. Maƙwabta suka ji, aka fara aiko yara neman ganye, har da masu ciwon da ba na jini ba. Na ce to, tunda abin yana yi, mu tambayi Yaya yadda su suke aunawa, da wane ɓangare ne ya fi ƙarfi. A nan muka samu saɓani da Inna. Ta ce wancan yana shekararsa ta ƙarshe, ba mai ɗaga masa hankali, kuma ita ba za ta zauna gaban akwati tana yi wa ɗan fari tambaya kamar sa'arta ba. Na ce ni zan tambaya. Ta ce idan na tambaya zai gane, shi ba yaro ba ne. Na juya wurin Adda ina neman mai goyon baya, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Don Allah kar ki gaya wa Hammanki. Ya kusa gamawa."

Haka muka ɗauki kaset na amsa. Na ba shi labarin unguwa, na gaya masa Inna ta ce a sanar da Turawa tana da soso buhu-buhu. Da aka zo kan Adda, na tura mata rikodar, ta daɗe tana kallonta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Muna lafiya. Allah Ya ba da sa'a." Na kashe na fita zaure na yi kukana.

Da kaka ta yi, yaɗon ya bushe, ɗanyen soso ya ƙare. Waɗanda suka rage a katanga suka zama ruwan ƙasa, suka yi ƙwari, idan iska ta kaɗa sai baƙaƙen 'ya'yan da ke cikinsu su riƙa ƙara kamar ana girgiza caki. Ɗakin Adda yana jikin wannan katangar. Har yau, da tsufana, idan na bi ta layin masu soso a kasuwa wani ya ɗaga wanda ba a ɓare ba ya girgiza, sai in ga ƙofar ɗakin nan da labulenta. Ban sake wanka da shi ba, da tsumma nake yi.

Inna ba ta saduda ba. Ta tona rami a gindin katanga ta shuka sabo da rani, a garin da kowa ya san wahalar ruwansa. Ruwan da masu garwa suke kawo mana, wanda muke lallaɓawa kamar mai, shi take ɗiba tana ba shuka, har ruwan alwalarta a gindin take yi. Kafin sabon ya yi 'ya'ya kuma sai ta koma ga abin da ke hannu. Ta fasa busassun, ta zazzage baƙaƙen 'ya'yan, ta ce ai ƙarfin kowane tsiro a irinsa yake. Ta soya su sama-sama, ta daka, ta jiƙa.

Daga ranar da aka fara ba da na 'ya'yan, cikin Adda ya ɓaci. Amai da gudawa, ba dare ba rana. Mutumin da jininsa da ma ba shi da yawa, sai ga shi abin da ya ci ba ya zama. Inna ta ce cutar ce take fita, haka magani mai kyau yake yi, sai ya tayar kafin ya kwantar. Kowa a unguwa haka ya ce, don haka muka taso muna ji. Ni dai jikina ya fara sanyi. Ban yi zaton ba soson ba ne, na yi zaton yawa yake yi mata. Na ce a rage, Inna ta rage, amma ba ta daina ba, don a lokacin ciwon ya dawo da ƙarfinsa kuma ba ta da wani abin riƙewa.

Wata walha na dawo daga makaranta da wuri, na tarar da Adda durƙushe a ƙofar bayi, ta kasa miƙewa. Inna ta tafi barkar suna. Na ɗago ta, ba nauyi, kamar na ɗauki damin kara. Da na kwantar da ita sai raina ya ɓaci, na rufe ta da faɗa kamar ba mara lafiya ba.

"Adda, ke ba ki da baki ne? Ki ce ba ki sha mana! Ki ce yana murɗa miki ciki! Sai kin mutu za a san kina jin ciwo?"

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Inna tana tashi tun asuba ta daka. Da wane baki zan ce mata a'a?"

"Da wannan da kike magana da shi."

Ta yi murmushi, daddaɗen jini a dasashinta. "Kuma aikin Hammanki ne," ta ce. "Shi yana can yana matsawa, mu muna nan muna matsawa. Idan na sha sai in ji kamar shi ya miƙo min."

Amma washegari ban shiga aji ba, gidan waya na wuce na buga wa Yaya tangarahu, na gaya masa sunan ciwon da abin da likita ya ce game da allura, na ce ya zo. Ban sa maganar soso a ciki ba, don ban ga abin faɗa ba, a ganina shi ya koya mana. Da na gaya wa Inna, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Amsarsa ta zo gajeriya, yana neman maganin, yana tafe da shi. Inna ta ji, ta sauko daga fushinta, ta ce to, nasu na Turawa tatacce ne, zai fi namu ƙarfi, mu dai mu riƙe ta da wanda muke da shi har ya iso.

Samun irin wannan allurar ba kamar sayen ƙwayar ciwon kai ba ne, sai da takardu da sa hannun likitoci, kuma hanya tana da nisa. Muka yi ta jira. Zafin bazara ya sauko, sabon yaɗon Inna ya hau katanga ya fara fure shi kaɗai a duk unguwar, kore shar a tsakiyar rani, masu wucewa suna leƙe. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai Adda ta buɗe ido. Ba ta taɓa tambaya ko shi ne ba.

Ranar da ta rasu ta sha ƙoƙonta da safe kamar kullum, sai dai Inna ce ta tallafe mata kai, kuma wannan karon ba ta da ƙarfin juyawa gefe. Ta yi godiya. Kafin azahar ta cika, ina riƙe da hannunta. Inna ce ta yi mata wanka tare da goggon Adda, kuma da aka ɗauke ta, Inna ta zauna a gindin katanga ta ƙi shiga inuwa.

Yaya ya iso bayan an yi sadakar uku. A tasha wani ya tare shi da ta'aziyya, don haka ya shigo ya riga ya sani. Ya rame, ya tara gashi, ya kwaso kayansa kaf kamar wanda ba zai koma ba. Akwai wani ɗan kwali da ya riƙe a hannu tun daga can, bai yarda ya sa shi a akwati ba. Da mutane suka ragu ya buɗe shi a gabana. An shimfiɗa auduga a ciki, ga 'yan kwalabe ƙanana kamar na turare, kowace da ɗan farin gari a gindinta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ya tura ƙarƙashin gado.

Bayan kwana biyu da la'asar muna zaune a tsakar gida, shi a kujera, mu a tabarma, Inna ta ba shi gefe kamar yadda ta saba. Ya ɗaga kai ya ga katanga. Don dai ya samu abin faɗa ne ya ce, "Wa ya cika gidan nan da soso da rani haka?"

Inna ta gyara zama. Na ga ta daɗe tana jiran wannan tambayar. Ta ce da ni, "Gaya masa ban yi sakaci ba. Gaya masa kullum sai na ba ta, ko fashin rana ɗaya ban yi ba. A jiƙa, a matse, a tace, yadda ya ce. Kwana ne ya ƙare."

Na buɗe baki zan maimaita, sai na ga fuskar Yaya. Ya dubi katanga, ya dubi turmi, ya dubi tukunyar da ke kife a gefe.

"Wane soso?" ya ce. "Wannan? Ai ba wannan ba ne. Namu ba tsiro ba ne, dabba ce. A ƙarƙashin teku take, manne da dutse." Ba da mu yake ba, da kansa yake magana, kalmomin suna zubowa. Ya ce halitta ce da ba ta da ƙafar gudu ba ta da haƙori, shi ya sa take haɗa dafi a jikinta don kada a cinye ta, kuma wannan dafin suke nema. Ya ce ko allurar ma ba matso ta ake yi daga jikin dabbar ba, kwaikwayon abin da aka gani a cikinta aka yi aka haɗa. Sai ya farga da wadda ke sauraro. Ya ce, "Ba komai, Inna. Duk ɗaya ne. Kin yi ƙoƙari."

"Ce masa ya nuna min nasa," in ji Inna.

Ya ce ba ya kusa. Ta sake faɗa, ba ta ɗaga murya ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, muna jin yana buɗe akwati. Ya fito da wani busasshen abu kamar dunƙulen hannu, ruwan toka, duk jikinsa ƙofofi. Ya ce a kan teburinsa yake ajiye da shi, da niyyar ya kawo wa Inna tsaraba tun da na gaya masa ta yi dariya. Ya miƙo min, na miƙa mata.

Ta juya shi a hannu. Ta matsa, ya lotsa ya dawo. Ta kai hanci, ta ji ƙarni irin na busasshen kifi. Sannan ta kai shi kunne ta girgiza, ta sake girgizawa.

"Ba shi da 'ya'ya," ta ce.

Yaya ya juyo gare ni da sauri. Ya tambaye ni da Turanci, don kada ta ji, ko har baƙaƙen 'ya'yan aka ba ta. Na ɗaga kai. Ya tambaya ko ta yi amai da gudawa. Na sake ɗaga kai. Ya sa tafin hannu biyu ya rufe fuska. Inna ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma ita ta haife shi, kuma a karo na farko da na sani tana kallonsa ido cikin ido.

Ta ajiye abin a kan tabarma a hankali, ta goge hannunta da zani.

"Ke," ta ce da ni, "tambaye shi. In wannan ne soson, ni me na yi ta ɗura wa 'yar mutane tana yi min godiya?"

Yana zaune dab da mu, ya ji da kunnensa. Amma Inna ta zuba min ido, tana jira in kai saƙon kamar yadda na saba, in kuma kawo mata amsa. Na dubi Yaya, bai cire hannu daga fuskarsa ba. Na dubi Inna, tana nan tana jira.